Akwatin Laraba

Ran Laraba akwatin ya iso,
bayan azahar, a bayan motar sito,
ta biyo ta Kwangila, taɓon hanya har bisa tanfol.
Wata goma sha ɗaya ke nan da tura takarda.
Kofur Dogara ya sa hannu, na sa nawa,
muka ɓalle murfin da kunnen guduma,
ƙamshin sabon giris ya tashi,
irin wanda ɗakin nan ya daɗe bai shaƙa ba.

Ga sifirin a leda, ɗauri-ɗauri,
ga fil ƙanana kamar tsabar shinkafa,
kunama ashirin, ƙota talatin,
bututu tara, alhali sha biyu muka roƙa.
Na ƙirga, na goge tabarau na sake ƙirgawa,
na rubuta da jan biro a gefen rajista:
uku ba su zo ba.

A kan benci suke kwance, ƙananan bindigogin hafsoshi.
Wasunsu sun girmi kuratan da ke buga ƙafa a fili.
Baƙin jikinsu ya koɗe ya koma toka
daidai inda kube ke goga.
Wannan ta sha ruwan kurmi,
waccan yashi ya shige mata haƙora.
Ba sa magana,
amma ƙarfe bai iya ɓoye gajiya ba.

Akwai wadda na sani tun kafin in duba lamba.
Ƙotarta ta lotsa ta ɓangaren da ba a saba gani ba,
don Kyaftin Barau bahago ne.
Shekara sha tara tana ƙugunsa.
Yakan leƙo nan da gorubarsa a aljihu,
ya ce, Saje, duba min tsohuwa.
Shi aka kai shi Tukur-Tukur aka rufe,
ita aka dawo min da ita a ambulan ɗin takarda,
da tsatsa a maƙogwaro,
da sifirin da ya kwanta bai tashi ba.

Na warware ta a kan farin tsumma.
Na ba ta sabon bututu cikin taran nan,
sabuwar kunama, sabon sifirin mai gardama
wanda ya kuɓuce ya faɗa ƙarƙashin kabad
sai da Dogara ya durƙusa da mayen ƙarfe.
Da na zo kan ƙota sai hannuna ya tsaya.
Na sa babban yatsana a gurbin nasa.
Sannan na kwance ta. Aiki ne.
Lamba kaɗai ta rage cikin abin da ya sani,
kuma lamba ba ta san kowa ba.

Jiya a teburin mai shayi, wajen PZ,
wani mai sabuwar shadda ya matso ya biya min ƙwai.
Wai tsofaffin da kuke cirewa fa,
ai bola ce, Baba, ko kilo nawa ne a faɗi kuɗi.
Na tuna ƙanen matata da aka tare a hanya da daddare.
Na ture farantin, na ce masa:
a ɗakinmu ko fil ya karye biyu,
sai an ga rabi da rabi kafin a rufe littafi.
Ya yi dariya. Ban yi ba.

Don haka ƙotar Barau ma ta shiga gwangwani
tare da 'yan'uwanta, an ƙirga, an ɗaure, an buga hatimi,
za su koma inda sababbin suka fito.
Gobe wani yaro mai tauraro ɗaya a kafaɗa
zai sa hannu ya karɓi tsohuwa,
ya ji ta daram a damansa.

Begilar yamma ta busa.
Na wanke hannu da kananzir, na kulle ƙofa biyu.
Gwiwata ta yi ƙara da na taka feda,
saura wata bakwai in ajiye kaki.
Daga nan zuwa Tudun Wada ina lissafin bututu uku,
da bindigogi uku da ke jira a kan benci,
bakinsu na kallon bango.